Bayan Nutso da Tukunyar Iska: Awa Nawa Za a Jira Kafin a Hau Jirgin Sama?

Yawancin masu karanta wannan ɗan littafi manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, waɗansu ma ba su taɓa ganin teku ba. Amma da wuya a sami garin da ba shi da samarin da suka tafi neman kuɗi nesa. Wani yana bakin teku a Duwala ko Kiribi ko Limbe, yana aikin gyaran jiragen ruwa ko aikin kamfanin mai. Wani ya bi masu neman zinariya zuwa kogunan Mali ko Gini ko Gana, inda ake ba mutum tiyo ya sa a baki, inji yana hura masa iska daga kan kwalekwale, shi kuwa yana can ƙasa riƙe da bututun da ke zuƙo yashi. Wani yana Bur Sudan ko Jidda, a bakin Bahar Maliya, inda baƙi ke biyan kuɗi a kai su kallon kifi a ƙarƙashin ruwa. Duk waɗannan, ran da aiki ya ƙare, gida suke ɗokin zuwa. Hanyar gida kuwa, ta jirgin sama ce ko ta mota, hawa take yi.

To, akwai wata cuta da ke jiran mai nutso a kan wannan hawa. Mutum ya fito daga ruwa lafiya ƙalau, ya ci abinci, ya yi sallama da abokan aiki, ya hau jirgi, kafin a sauka ƙafafunsa sun mutu. Maganinta mai wuya ne, mai tsada, kuma yana nesa da mu. Rigakafinta kuwa ba ya cin ko sisi: a zauna a jira. Idan kai ne mai nutson, karanta da kyau. Idan ɗanka ne ko mijinki ko ƙaninki, a karanta masa ta waya kafin ya sayi tikiti.

Wane irin nutso ake nufi?

Nutso iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke cika ƙirjinsa da iska a sama, ya riƙe numfashi, ya nutsa, ya fito kafin numfashin ya ƙare. Haka yara ke yi a rafi, haka masunta ke yi idan koma ta maƙale, haka kuma masu ɗiban yashi ke yi a kogin Wuri da kogin Sanaga. Irin wannan yana da nasa haɗarin, amma yawanci ba ya hana mutum hawa jirgi, domin da numfashi ɗaya ya shiga, da shi kuma ya fito.

Na biyun shi ne wanda mutum ke numfashi yana can ƙarƙashin ruwa, ko daga tukunyar iska da ya goya a baya, ko ta tiyon da aka haɗa da inji. A wajen jiki, tukunya da tiyo duk ɗaya ne. Duk wanda ya shaƙi iska a ƙarƙashin ruwa, da shi ake magana a nan.

Abin da ruwa ke yi wa iskar da ke cikin jiki

Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, tana danna mu ta ko'ina, sai dai mun saba ba ma ji. Ruwa ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Mutum in ya nutsa mita 10, matsin da ke kansa ya ninka na bakin teku sau biyu. A mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu. Da za a rufe gorar roba marar komai a ciki, a kai ta mita 10, za ta lotse, iskar cikinta ta koma rabi. Don kada ƙirjin mai nutso ya lotse haka, dole iskar da yake shaƙa ta zo da matsi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi. Ke nan a mita 10, kowane numfashi yana ɗauke da iska ninki biyu na wadda ya saba.

Iska kuwa gauraye take. Kashi 21 cikin ɗari oksijin ne, shi jiki ke amfani da shi. Kashi 78 wata iska ce da ake kira naitirojin, masu Faransanci su ce azot. Jiki ba ya yin komai da ita, shiga take yi ta fita. Amma idan matsi ya ƙaru, sai ta riƙa narkewa cikin jini kamar yadda sukari ke narkewa a shayi, jini ya kai ta cikin tsoka da kitse da gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa da lakar baya. Gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon abin da jiki zai sha.

Kowa ya san kwalbar lemo. Muddin tana rufe, ruwan cikinta a kwance yake, ba ka ganin iskar da aka matsa a ciki. Ka buɗe a hankali, ta yi ɗan huci ta lafa. Ka fincike murfin farat ɗaya, kumfa ya taso ya zube. Jikin mai nutso kwalba ce a rufe, fitowa daga ruwa kuwa buɗe murfi ne. In ya taso sannu a hankali, jini zai kwaso naitirojin ya kai huhu, ta fita da numfashi. In ya taso da gaggawa, sai ta zama kumfa tun tana cikin jini da nama. Kumfan nan yakan toshe ƙananan hanyoyin jini, ya danne jijiyoyi, ya tsaga nama. In ya zauna a gwiwa ko kafaɗa, ciwo. In ya zauna a laka, shanyewar ƙafafu. In ya cika hanyoyin jinin huhu, mutuwa.

An daɗe da sanin wannan. Lokacin da ake gina gadar Burukulin a birnin Niyok na Amurka, wajen 1870 zuwa 1872, leburori suna haƙa a ƙarƙashin kogi cikin manyan akwatuna da aka cika da iska mai matsi. Da yawa sun fito suna tafiya a tanƙware don zafin ciwo, waɗansu sun mutu, babban injiniyan aikin kansa, Washington Roebling, ya nakasa. A 1878 wani masani ɗan Faransa, Paul Bert, ya nuna cewa kumfan naitirojin ne ke kawo cutar. A 1908 wani likita a Ingila, John Scott Haldane, ya fitar da jadawalin yadda za a riƙa tasowa ana tsayawa mataki mataki. Da awaki ya yi gwajinsa, abin da makiyayanmu za su ji daɗin ji.

Me ya haɗa jirgin sama da wannan?

Ga wurin da mutane ke kuskure. Suna zaton da zarar an fito daga ruwa, iskar ta gama fita. Ba ta gama ba. Jini da ƙwaƙwalwa suna saurin sha, suna saurin saki. Kitse da jijiyoyin gaɓoɓi da ɓargo kuwa a hankali suke sha, a hankali suke saki, kuma kitse yana riƙe naitirojin kusan ninki biyar na abin da ruwa ke riƙewa. Mai nutso zai yi awoyi da yawa yana yawo a gari, yana jin garau, alhali jikinsa yana ta fitar da ragowar iskar da kowane numfashi. Likitoci sun saurari jinin masu nutso da na'ura bayan sun fito, sun ji ƙananan kumfa suna wucewa a jikin mutanen da ba su da ciwon komai. Kumfan yana nan, bai dai yi girman da zai cuce su ba.

Yadda matsi ke ƙaruwa in an yi ƙasa cikin ruwa, haka yake raguwa in an yi sama cikin iska. Manyan jiragen fasinja suna tashi fiye da mita 10,000, inda mutum ba zai rayu ba sai an matsa iska a cikin jirgin. Ana matsawa, amma ba a kai ta matsin bakin teku. Zama a cikin jirgi kamar zama ne a kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, kuma a mita 2,400 matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa kunne ke toshewa, ledar biskit ta kumbura. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga wanda jikinsa ke cike da ragowar naitirojin, an sake buɗe murfin kwalba ne karo na biyu, cikin 'yan mintoci, a wurin da babu likita kuma babu inda za a tsaya a sauke shi. Ƙananan kumfan nan da ba su da lahani a ƙasa sai su kumbura, sababbi su ƙaru a kansu.

Awa nawa?

Lissafin da aka fi bi a duniya ya fito ne daga wani taron likitocin masu nutso da ƙungiyar DAN ta shirya a Amurka a 2002. Kafin taron an yi shekaru ana gwaji a Jami'ar Duke. Ana sa mutanen da suka yarda a cikin ɗakin ƙarfe, a ƙara matsi kamar sun nutsa, a fito da su su huta awoyi kaza, sa'an nan a rage matsi kamar suna cikin jirgi, a ga wa zai kamu. Da haka aka gano inda haɗarin ke raguwa.

Wanda ya yi nutso sau ɗaya tak, bai wuce iyakar lokacin da jadawali ya ba zurfin da ya je ba, ya jira aƙalla awa 12. Wanda ya nutsa fiye da sau ɗaya a yini, ko ya yi kwanaki a jere yana nutso, ya jira aƙalla awa 18. Wanda ya yi nutso mai zurfi ko mai daɗewa, irin wanda dole sai an tsattsaya a hanya kafin a fito, awa 18 ba ta ishe shi ba ko kusa. Shi kwana ɗaya zuwa biyu ake ba shi shawara.

A lura da kalmar "aƙalla". Waɗannan lambobi su ne mafi ƙanƙanta, kuma an auna su ne a kan mutane masu lafiya, waɗanda suka bi jadawali, ba su da wata alamar ciwo. Ba su yi alkawarin cewa ba wanda zai kamu ba. Ni shawarar da nake ba kowa ita ce awa 24 cur, domin ta fi sauƙin riƙewa a ka, kuma ba a rikicewa wajen ƙirga. In ka fito daga ruwa ranar Alhamis da la'asar, kada ka hau jirgi sai la'asar ɗin Juma'a ta wuce. Ana fara ƙirga ne daga lokacin da kanka ya fito daga ruwa a nutso na ƙarshe, ana tsayawa a lokacin da jirgi zai tashi. Mai agogon nutso na hannu zai ga yana nuna awoyin da suka rage kafin a hau jirgi. In agogon ya ce fiye da abin da na faɗa, a bi agogon. In ya ce ƙasa da haka, a bi awa 24.

Ma'aikatan kamfanonin mai da ke kwana da kwanaki a cikin ɗakin matsi suna aiki a zurfin teku, su nasu lissafin dabam ne, likitan kamfani ne ke sallamarsu.

Mai tiyo ya fi kowa shiga haɗari

Jadawalin nutso yana faɗin minti nawa mutum zai iya yi a kowane zurfi ya fito kai tsaye. A mita 30, wajen minti 20 ne kawai. A mita 18, bai cika awa ɗaya ba. A mita 12, wajen awa biyu da rabi. A mita 10, awa uku da wani abu. Mai tukunya a baya yana da abin da ke korarsa daga ruwa, wato iskarsa takan ƙare. Mai tiyo kuwa, muddin akwai mai a inji, iska ba ta yankewa. Ana biyansa ne gwargwadon yashin da ya zuƙo, ga shi ba agogo, ba ma'aunin zurfi, ruwan ma baƙi ƙirin ko tafin hannunsa ba ya gani. Zai yi awa huɗu ko biyar a mita 12, ya fito ya ci abinci, ya koma. Gobe haka, jibi haka, har wata ya ƙare.

Irin wannan mutum yakan ce, ai ni ba na zuwa da zurfi. Gaskiya ne, amma daɗewa ta rama abin da zurfi bai yi ba. Ya wuce iyakar jadawali ba tare da ya sani ba, ya kamata a ce yana tsayawa a hanya kafin ya fito, ba ya tsayawa. Saboda haka a lissafin jira yana cikin kashi na uku, na masu kwana ɗaya zuwa biyu, kuma ni kwana biyu cikakku nake ce masa. A ƙasashen Honduras da Nikaragwa, can yankin Amurka ta Tsakiya, akwai ƙauyukan mutanen Miskito da ke nutso suna kamo ƙaguwar teku ta sayarwa, suna shiga sau da yawa a yini ba jadawali. Ƙauyukan cike suke da samari a kan keken guragu. Talauci ne ya tura su, shi ne kuma ke tura namu.

Tunda ana maganar inji, bari in ƙara abu ɗaya ko da ba na jirgi ba ne. In bakin da inji ke zuƙar iska yana kusa da salansa, hayaƙin zai bi tiyo ya je wa mai nutso, ya sa shi ciwon kai da jiri, ya suma a ƙarƙashin ruwa. A nisanta bakin daga hayaƙi, a sa shi ta inda iska ke busowa. Kuma komai ya faru, kada mai tiyo ya riƙe numfashi yana tasowa. Iskar da ke ƙirjinsa kumbura take yi yana yin sama, tana iya fasa huhu ko a ruwan da bai fi tsayin mutum ba.

Mota da jirgin ƙasa ma hawa suke yi

Wani zai ce, mu talakawa ina mu ina jirgin sama. To, jiki bai san jirgi ba, raguwar matsi kawai ya sani. Lissafin nan na 2002 ya shafi duk hawan da ya kai mita 600 zuwa 2,400, ko da me aka hau. Ƙasarmu kuwa tudu ce. Duwala da Kiribi da Limbe suna bakin teku. Yawunde ta haura mita 700. Ngaundere tana wajen mita 1,100. Bamenda da Bafusam sun haura mita 1,200. Daga Limbe zuwa Buya ba a cika awa ɗaya a mota ba, amma an hau kusan mita 900, Dutsen Kamaru da ke bayanta kuwa ya haura mita 4,000. A Nijeriya, Jos tana wajen mita 1,200. Wanda ke Jidda kuma ya tuna cewa hanyar Ɗa'ifa tana hawa fiye da mita 1,500.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya san wurin da mota ke nishi tana hawan dutse, kunne ya toshe sai an haɗiye yawu. Wannan toshewar kunne ita ce shaidar cewa matsi yana raguwa. Mota ta fi jirgi sauƙi domin a hankali take hawa, kuma ba ta kai tsawon da jirgi ke kai mutum, amma wanda ya fito daga ruwa a Kiribi da azahar ya shiga motar Yawunde da la'asar, washegari ya kama jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundere, ya yi caca da ƙafafunsa. Ya kwana a bakin teku tukuna. Tafiya a ƙasa mai shimfiɗe, kamar daga Kiribi zuwa Duwala, ba ta da laifi.

Na san abin da ke sa mutum gaggawa: rasuwa, ko haihuwa, ko bikin da aka sa rana, ko tikitin da aka riga aka biya. A nan iyali suna da hannu. In kun kira ɗanku kuna cewa maza ya taho, ku fara tambayarsa yaushe rabonsa da ruwa. In ya ce yau, ku ce masa ya kwana. Gaisuwar rasuwa ba ta ƙarewa a rana ɗaya. Wanda kuma ya san ranar tafiyarsa tun da wuri, ya bar ranar ƙarshe ba nutso, ya yi ta wankin kaya da sayen tsaraba.

Saukowa daga jirgi a shiga ruwa ba shi da wannan matsala. Sai dai matafiyi yakan iso a gajiye, jikinsa a bushe, gara ya huta ya sha ruwa kafin ya fara aiki.

Yadda za a yi da lokacin jira

Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke hanzarta fitar naitirojin. Ta huhu take fita, a kan lokacinta. Abin da mutum zai iya shi ne kada ya tsokane ta. Ya sha ruwa sosai har fitsarinsa ya yi fari, domin nutso yana busar da jiki, jini mai kauri kuwa ba ya kwashe iska da kyau. Ya bar giya da bilbil. Kada ya yi aikin ƙarfi, kamar dako ko ƙwallo, a awoyin farko. Kada ya yi wanka da ruwa mai zafi sosai ko ya sa a yi masa tausa mai ƙarfi da fitowarsa. Kada kuma ya sha tiramadol ko wani maganin kashe ciwo don ya samu ya yi tafiya, domin ciwon nan shi ne ƙararrawar da za ta hana shi hawa jirgi.

Alamun cutar

Yawanci sukan bayyana cikin awa shida na farko bayan fitowa, kusan duka kuma cikin awa 24, sai dai hawa jirgi ko dutse yana iya tayar da su bayan haka. Wadda aka fi gani ita ce ciwo mai nuƙurƙusa can cikin gaɓa, musamman kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwa, ba kumburi, ba targaɗe, kuma ko an sāke kwanciya ba ya lafawa. Akwai gajiya da ta fi ƙarfin aikin da aka yi. Akwai ƙaiƙayi, da fata ta yi dabbare-dabbare a ciki ko ƙirji.

Waɗanda suka fi tsanani su ne na jijiya. Hannu ko ƙafa su yi nauyi, ko a ji kamar kiyashi na tafiya a cikinsu, ko wani wuri ya mutu ba a jin taɓi. Ciwon da ya zagaye kugu ko ciki kamar an ɗaura ɗamara, wannan alamar laka ce, sau da yawa shanyewar ƙafafu ke biyo baya. Fitsari ya ƙi fita. Jiri, amai, tangaɗi, kunne ya daina ji, gani ya dushe, magana ta sarƙe, mutum ya rikice. Tari da ciwon ƙirji da haki kuwa, ba a kwana da su.

Wahalarmu a nan tudu ita ce cutar tana kama da waɗanda muka saba gani. Saurayi ya iso daga tafiya da ciwon gaɓoɓi da kasala, kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko sanyin ƙashi, ko sikila. In ƙafa ta shanye a ce hawan jini, ko a ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, a tafi neman turare da rubutu har kwana uku su wuce. Ba aljani a ciki, iska ce irin wadda muke shaƙa, ta zama kumfa a inda bai kamata ba. Mu ma'aikatan jinya na nan ba kullum za ta zo mana a rai mu tambayi marar lafiya ko ya yi nutso ba, gari ba teku. Saboda haka ku ne za ku faɗa tun a bakin ƙofa: "Wannan nutso yake yi da tiyo, shekaranjiya ya fito daga ruwa, jiya ya hau mota." Wannan magana kaɗai tana iya canja duk abin da za a yi masa.

Wanda ya ji ko ɗaya daga cikin alamun nan, lissafin awa 12 ko 18 ko 24 ya daina aiki a kansa. Ba jirgi, ba hawan dutse, sai likita ya gan shi. In a cikin jirgi abin ya fara, ya gaya wa ma'aikatan jirgin nan take cewa ya yi nutso, ya roƙi oksijin, suna da shi. In akwai wani jirgin da zai canja a gaba, kada ya hau, ya nemi asibiti a garin da aka sauka.

Abin da za a yi kafin a kai ga likita

A kwantar da shi a miƙe. In yana amai ko ba ya cikin hayyacinsa, a juya shi ta gefe don kada ya shaƙe. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan. A rufe shi in yana jin sanyi, amma kada a gasa masa jiki da ruwan zafi ko garwashi, wurin da ya mutu zai ƙone bai ji ba. Kada a yi ƙaho, kada a yi tsaga, kumfan ba ya fita ta nan.

Babban taimakon farko shi ne oksijin, mafi ƙarfin da za a iya samu, ta abin rufe hanci da baki, awoyi a jere ba yankewa. Idan mutum yana shaƙar oksijin zalla, babu sabuwar naitirojin da ke shiga, ta cikin jiki sai ta fi saurin fita, kumfa ya ragu. A nisanta taba da wuta daga wurin. Sau da yawa ciwon yakan lafa bayan an sa oksijin, marar lafiya ya ce ya warke zai tafi. Kada a yarda, yakan dawo. A asibiti za a yi masa ƙarin ruwa, a sa robar fitsari in ya ƙi fita, a riƙa juya shi don kada baya ya yi gyambo.

Masu aikin kogi suna da wata dabara, in ciwo ya kama mutum sai su mayar da shi ƙarƙashin ruwa wai kumfan ya narke. Ciwon yakan lafa yana ƙasa, shi ya sa suka yarda da ita. Amma iskar da yake shaƙa a can tana ƙara masa naitirojin ne, ya fito ya fi dā muni, in kuwa ya suma ko ƙafa ta mutu yana ƙasa, sai dai a ciro gawa. Kada a yi.

Maganin gaske shi ne ɗakin matsin iska. Wani ɗaki ne na ƙarfe kamar tankin mota, ana shigar da marar lafiya, a ƙara matsi kamar yana mita 18 a ruwa, yana shaƙar oksijin, sa'an nan a rage a hankali cikin awa biyar ko fiye. Asibitocin karkara ba su da shi, sai wuraren da sojan ruwa ko kamfanonin mai ke aiki. Gwargwadon saurin kai mutum, gwargwadon samun sauƙinsa, amma ko an yi kwanaki kada a fid da rai, a je. Wajen kai shi a zaɓi hanyar da ba ta hawa dutse in akwai, oksijin yana hanci. In da jirgi mai saukar ungulu za a ɗauke shi, matuƙi ya bi ƙasa ƙasa, kada ya wuce mita 300. Bayan an yi magani ma akwai wani jiran kafin a hau jirgi, yawanci kwana uku ko fiye, likitan da ya yi maganin ne zai yanka.

Duk mai shirin karɓar aikin nutso ya tambayi mai aikin tun kafin ya jiƙa ƙafa: ina tukunyar oksijin take, ina ne ɗakin matsin iska mafi kusa, wa zai biya kuɗin kai ni? Ya kuma sami ɗan littafi ya riƙa rubuta kowane nutso, ranar da zurfin da lokacin shiga da lokacin fita. In ba ya rubutu, wanda ke riƙe masa tiyo a kan kwalekwale ya rubuta. Ya sa littafin a aljihun rigar da zai yi tafiya da ita, kada ya jefa shi cikin jakar da za a ɗaure a saman mota.